Usta Husain da Na'urar da Ta Tashi ta Waya

A layin masu gyara na kasuwar Gadarif, a ƙasar Sudan, in ka tambayi Husain Jatau ba lallai a gane wanda kake nufi ba, sai ka ce Usta Husain mai rediyo, don Usta ake ce wa gwanin sana'a a can. Rabonsa da gyaran rediyo ya haura shekara goma sha biyar, amma sunan ya ƙi sakinsa. Kakansa ya taso daga yamma da niyyar aikin hajji, ya tsaya yankan riɗi a Mafaza, tsayawar da bai sake tashi ba ke nan. Husain ya gwada lauje kaka ɗaya tak a Fashaga, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana ashirin, ya dawo gari ya tsuguna gaban wani mai gyara har hannunsa ya faɗa. Daga rediyo ya koma talabijin, daga nan wayar hannu da batirin sola. Larabci yake karantawa. Baƙaƙen boko kuwa ya san su ɗai-ɗai, amma in suka haɗu suka zama kalma sai su ɓace masa. Hakan bai taɓa hana shi aiki ba, don da ido da hanci yake gano ciwon kaya: inda ya ƙone, inda ya kumbura, inda ya tsinke.

Shekarar da yaƙi ya koro mutanen Khartum, wata mata mai suna Ustaza Batoul ta iso Gadarif da abin da ya tsira na makarantarta ta koyon kwamfuta. Ta kama haya a bayan kasuwa, ta jera kwamfutoci goma. Akwai kuma wata doguwar na'ura mai nauyi da suke kira sirfar, ita ce uwar sauran, a cikinta darussa da sunayen ɗalibai suke. Ta sha jijjiga a mota, ta iso ba ta tashi. Aka kira Usta Husain. Ya buɗe ta, ya hure ƙura, ya sunsuna. Ba abin da ya ƙone. Fankoki na juyawa, fitilu na kamawa, amma allon baƙi ƙirin da ɗan rubutu layi ɗaya.

Sai ya tuna da Mawada, 'yar yayarsa, wadda ta karanci wannan fanni take aiki a Bur Sudan. Ya ɗauki hoton allon ya tura mata. Ta ce nizam ɗin ne ya lalace, wato manhajar da ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, sai an zuba sabo. Darussan suna kan wani faifai daban, ba abin da zai same su. Matsalar ita ce na'urar ba ta da wurin faifan CD, ramukan filas ɗinta kuma duk sun mutu.

"To ta ina za a zuba, 'yata?"

"Ta shabaka za ta tashi, Kawu."

A saninsa shabaka ita ce sandunan nan da ke saman allon waya. Don haka washegari da hantsi ya sa aka ciccibo na'urar zuwa bakin taga, inda waya ta fi kamawa. Da ya gaya wa Mawada, ta ce a mayar da ita, ba wannan shabakar ba, ta cikin ɗakin take nufi, wayoyin nan shuɗɗa da suka haɗa kwamfutocin. Aka sake ciccibarta.

Kwana biyu Mawada tana shirya tsohuwar laftof ɗin Ustaza daga nesa, shi kuma aikinsa ya tabbatar batiri bai mutu ba. Ya ga 'yar kibiyar laftof ɗin tana yawo a allo ba mai taɓa ta, ya yi bisimilla ya ja kujerarsa baya kaɗan. Ta yi masa bayani cewa in aka kunna sirfar za ta yi kira ta cikin shuɗiyar wayar, laftof ta amsa, ta ba ta lamba, sannan ta miƙa mata nizam. Ya ce ai ita ce ta ce masa babu komai a cikinta, da wane baki za ta yi kiran? Ta ce akwai ɗan abu a jikin katin da wayar ke shiga, wanda ya san wannan kiran kaɗai. Ya zare katin ya duba gaba da baya. Bai ga komai ba, ya mayar.

Ran Laraba bayan azahar aka fara. Ta ce da zarar ya kunna ya danna F12. Ya danna F, ya danna 1, ya danna 2. Sau uku ana haka kafin Ustaza ta leƙo ta nuna masa maɓallin a layin sama. Aka sake. Ɗigo-ɗigo suka riƙa fitowa a allo, sannan komai ya tsaya. Ya karanto wa Mawada baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, layin yana yankewa, tana cewa ya maimaita. A ƙarshe ta gano cewa akwatin intanet ɗin makarantar ma yana amsa kiran, yana rigan laftof. Ta ce ya cire shi. Nan kan Usta ya ƙara ɗaurewa: ana son abu ya zo ta shabaka, kuma a ce a cire intanet? Amma ya cire.

Sai rubutu ya ɓarke yana gudu sama kamar ana zazzage buhu. Ba a tambaye shi komai ba, don Mawada ta riga ta rubuta amsoshin duka saboda kada Turanci ya wahalar da kawunta. Kafin la'asar sakaliya na'urar ta tashi, darussa suka bayyana. Ustaza ta aika aka kawo jabana, wato gahawa, aka sha. Mawada ta fara cewa wani abu game da laftof, layin ya yanke, ya kira sau biyu bai shiga ba. Ya tattara kayansa ya tafi masallaci.

Washegari da safe aka ɗauke wuta, aka dawo da ita wajen ƙarfe goma. Kwamfutocin suka kunnu a tare. Bakwai suka tashi lafiya. Uku kuwa, ashe tun can an saita su su fara neman shabaka kafin faifansu. Suka yi kira, laftof tana nan a jone ta amsa, kuma ba ta tambayi kowa komai ba, ta share abin da ke cikinsu ta zuba musu nizam ɗin sirfar. Ɗalibai suna kallon rubutu na gudu, sun ɗauka sabon darasi ne.

Da aka ɗauko Usta a raksha, keke mai ƙafa uku, ya tarar da allo uku baƙaƙe, kowanne da irin layin da ke fuskar sirfar. Ya tsaya yana kallo. Jiya sirfar guda ɗaya ce, yau huɗu. Ya kira Mawada, wannan karon ya shiga.

"Kawu, ba ka cire laftof ɗin ba?"

"Ba ki ce ba."

"Shi nake faɗa layin ya yanke. Laifina ne."

Biyu daga cikinsu ba abin da ke ciki sai aikin koyon rubutu. Ta ukun ita ce ta teburin Ustaza, kuma a nan hotunanta suke: gidansu na Bahri a Khartum, mahaifiyarta da ta rasu, bukukuwan yaye ɗalibai na shekara tara. Wayar da ta ɗauke su da ita an ƙwace a hanya. Usta ya gaya mata da Larabci, kansa a ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna ta gyara mayafinta, ta tambaye shi ko zai iya buɗe kwamfutar ya duba, ko sun faɗa wani wuri a ciki. Ya san ba haka abin yake ba, amma yadda yake ɗin ma bai sani ba, sai ya ɗauko sukurdireba ya buɗe. Faifan yana nan lafiya lau, ko ɗumi bai yi ba.

Mawada ta ce kada a sake kunna ta. Aka naɗe faifan a tsumma, wani direban babbar motar riɗi ya kai mata Bur Sudan. Bayan wata guda ta turo abin da ta iya tsamowa, hoto arba'in da ɗaya cikin ɗaruruwa, wasu rabinsu toka-toka. A ɗaya ana ganin ƙofar gidan da hannun wata tsohuwa a kan ƙarfenta, fuskar babu. Ustaza ta sa aka wanke shi a haka, ta rataye a ofis.

Har yau Usta Husain ne mai kula da kayan makarantar, ita ta ce ba ta son wani. Daga baya wani asibitin kuɗi ya ji labari ya kira shi irin wannan aiki, ya yi musu shi kaɗai ba tare da Mawada a waya ba. Da ya gama ya zare wayar laftof, ya naɗe ta, ya sa a aljihun jallabiyarsa ya tafi da ita gida.