Dabino ɗaya na Kawu Sule

Jama'a, yau saura kaɗan a kashe Kawu Sule a kan dabino ɗaya!

Ƙarfe huɗu na yamma, ni da matata Hadiza da Kawu muka shiga sabon katafaren kantin nan na bayan ganuwa. Shi bai taɓa shiga ba. Da muka isa wajen dabino, ya ɓula leda ya jefa ɗaya a baki, yadda ya saba a kasuwa. Sai an ɗanɗana ake tayawa.

Nan take mai gadi ya ci kwalarsa. "Ɓarawo!"

Kalmar nan ce ta jawo komai. Mutane suka yo kanmu!

Kawu ya ce, "Ɗan nan, ɗanɗanawa na yi! Kira mai kayan!"

Mai gadi ya ce, "Wane mai kaya? Nan ba kasuwar tsofaffi ba ce!" Ya sharara masa mari, hula ta faɗi. Wani ya maka masa kwandon sayayya, goshi ya fashe, jini ya wanke farar riga. Na shiga tsakani, aka haure ni a haƙarƙari. Hadiza tana ihu, "Limamin unguwarmu ne! Ku ji tsoron Allah!"

Wani Alhaji ɗan Ƙofar Kibo ne ya gane shi, ya lulluɓe shi da babbar riga, ya fitar da mu.

Yanzu muna asibiti, an yi masa ɗinki. Ya ce da wace fuska zai ja mutane sallar magariba?

An ɗauki bidiyo. Duk wanda aka tura wa, ya goge yanzu. Kada bidiyon ya riga Kawu isa unguwarmu, Ƙofar Kuyambana.