Abin da Surukina Bai Fassara Ba

Ranar da likita ta zaunar da ni don bayanin aikin da za a yi mini, 'yata tana wurin aiki, sai ta turo mijinta ya raka ni. Turancina na aiki ne, na "tashi ki sha magani" da nake yi wa tsofaffin da nake kula da su a unguwar Flatbush, nan ƙasar Turawa. Bai kai na asibiti ba. Surukina ya zama tafinta.

Ciwon daji ne a nonon hagu, za a cire nonon. Wannan ya faɗa mini kansa a sunkuye, ni ma nawa a sunkuye. Sai likita ta ci gaba da magana, ta daɗe, har tana nuna ƙirjinta. Da ta gama, bawan Allah ya share gumi ya ce, "Umma, wai akwai wani ɗan gyara daga baya, in kina so." Na ƙosa a bar zancen. Na ce a bar shi.

Bayan aikin, shekara uku na yi ina cusa safa a rigar mama. Na daina zuwa suna da biki, don mata sai sun rungume ki, ni kuwa ba na so a ji. Ranar hutu nakan zauna a ɗaki ni kaɗai, in dafa abinci in rasa mai ci. 'Yata ta ɗauka rashin ƙarfi ne. Ban gaya mata ba, ita ma ba ta tambaya ba. Kaɗaicin ya fi ciwon cin raina.

Wata Sallah 'yata ta matsa sai na yi ɗinki, na je wurin wata tela, mutuniyar Nijar, kusa da titin 125. Tana zagaya awo a ƙirjina ta tsaya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Hajiya, aiki aka yi miki?"

Na ɗaga kai.

"Ba su gyara miki ba? Ƙanwata an yi mata. Kina da inshora, ko?"

Na ce ina da ita ta wurin aiki, amma wa zai biya wa tsohuwa kwalliya?

"Wace kwalliya? Doka ce a ƙasar nan! In sun biya cirewa, tilas su biya gyarawa. Ko yanzu kika je."

Ban koma gida ba sai da na sa aka ba ni ranar ganin likita. Na je ni kaɗai, aka samo mace ta fassara ta waya. Likita ta duba takarduna ta ce ai an yi mini bayani tun farko, da dokar da komai, kuma an rubuta cewa na ƙi.

Ban ji haushin surukina ba. Yaron kirki ne, tarbiyyar gidansu ya yi, ni ma ta gidanmu na yi.

Likita ta juyo da kujerarta ta dube ni, matar ta fassara: "Ta ce ke fa, me kike so?"

Na buɗe baki, kuka ya riga magana fita. Suka jira ni, ba wadda ta ce in yi haƙuri. Da na samu numfashi na ce, "Ki ce mata ina so. Tun ranar nake so."