Fentin da na sa aka yi a bayan idon Baba

Babana mai shafe katako ne, shekara arba'in ke nan. Abokan sana'arsa Sannu-Sannu suke ce masa, don kafin ya tsoma burushi sai ya ɗora tafin hannu a kan katakon, ya tambayi mai ɗakin me za a riƙa yi a ciki. Girki? Wanki? Mutum nawa za su kwana? Ina yarinya haushin wannan nake ji, tambayoyinsa wallahi kamar na likita.

Ba shi da shago, ba shi da allon talla. Sunansa kawai yake ci da shi: wani ya ga aikinsa, ya gaya wa wani.

Da na buɗe shagon gyaran gashi, shi ya lulluɓe mini bangon da katakon nan na zamani, wanda ake haɗa falle-falle da gam. Bai sa masa komai ba sai wani mai, shafa ɗaya siririya.

"Uwata," ya ce, haka yake kirana, "shagonki tururi ne daga safe har yamma. Katakon nan zai sha laimar in ta yi yawa, ya sake ta in iska ta bushe. Kada ki toshe masa hanci."

Shekara biyu madubina bai yi hazo ba, na'urar sanyaya ɗakin ma jefi-jefi nake kunna ta. Duk wanda ke shakkar aikin Baba, shagona yake kawo shi ya gani.

To, amma bangon ba ya ƙyalli. Wata mai zuwa wankin kai ta dube shi ta ce, "Hajiya, kuɗin fenti ne suka ƙare?" Aka kwashe da dariya. Ni kuwa ba a taɓa ni in yi shiru. Baba na tafiya aikin wata biyu a wani gari, na kira wani mai fenti, ya zabga fenti mai ƙyalli har shafa uku.

Kai, na ga ta kaina! Kafin azahar bango ya fara zufa. Madubi sai na bi shi da tsumma, tawul ya ƙi bushewa. Na'urar nan ba ta ƙara hutawa ba, mita tana shan wuta kamar rijiya. Fumfuna ta fito baƙi ƙirin a bayan kantar shagon. Na kasa gaya wa Baba, kullum in ce gobe.

Ranar da ya dawo, bai biya gida ba. Sai ga shi a ƙofar shagon da wata injiniya, wadda ke neman wanda zai shafe katakon wani babban ɗakin karatu. Irin aikin da ya daɗe yana fata ke nan, ga ƙarfi ya fara ja baya.

Matar ta shafa bangon, ta dubi yatsunta jiƙe, ta leƙa bayan kantar. Mata huɗu na zaune suna kallo, har da mai tsokanar nan.

"Malam, wannan ne aikin da kake ta yabo?" in ji injiniyar.

Ya dubi bangon, ya dube ni. Kalma uku ce ta rage mini in faɗa: ni na sa. Tsoron dariyar matan nan ya hana ni.

"Eh, nawa ne," in ji Baba. "Na yi kuskuren mai."

Ta ce za ta neme shi. Ba ta neme shi ba, kuma zancen ya zaga cikin 'yan kwangila.

Washegari da safe ya zo da samfefa, ya durƙusa ya fara kankare fentin. Na tsaya a kansa ina kuka, na ce zan je in gaya wa matar gaskiya.

Bai ɗago ba. "Jiya ya kamata, uwata. Matsar mini da kujerar nan."