Gurbin da Na Bari a Taswirar Garinmu

Ranar wata Laraba ce a farkon damina, shekarar da nake aji huɗu na firamare, Malam Isa ya fito da mu filin makaranta ya ce yau garinmu za mu zana a ƙasa. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi. Ya aiki maza su kwaso tsakuwa, mu mata muka ruga gidaje muka ɗebo toka a ƙoƙo. Toka ce hanya, tsakuwa gida, ƙwallon goruba rumbu, murfin kwalba kuma rijiya. Ni da bakina ba ya shiru, sai da na yi faɗa da wani Bello don ya zaɓar wa gidansu ƙaton dutse, alhali kowa ya san ɗaki biyu gare su. Da muka kai gabas, bayan tsamiyoyi, inda maƙabarta take, na miƙa hannu zan zuba toka, sai maza suka ture ni. "Mata ba su shiga nan," in ji su. Na ja da baya ina zumɓura baki. Ban san wurin da aka hana ni shi zan zo ina nema ido rufe ba, domin yau mahaifina yana kwance a cikinsa, ni kuwa ban san ta wane gefe ba.

Garinmu ƙarami ne, tsakanin Zurmi da Moriki, kuma ban da maƙabartar nan babu lungun da ƙafata ba ta sani ba. Na san hanyar rijiya da tulu a ka, na san gidan da ake niƙa, da zauren da in ka wuce ba ka gaida tsofaffi ba, kafin ka isa gida labari ya riga ka. In Inna ta gama surfe ta dama fura, ni ke kai wa Baba gona. Sai in tarar da shi tsakiyar gero, gumi ya jiƙe masa riga, ya karɓi ƙwarya ya ce, "Uwata ta kaina, yau da wa aka yi faɗa?" Da yamma mu yi 'yar carafke a ƙofar gida har a kira mu da tsawa. In an yi rasuwa kuwa, mu da iyayenmu mata cikin gida muke zama, maza su ɗauki makara su nufi gabas, su dawo da ƙasa a gwiwoyinsu. Haka muka taso muka gani, ba mu taɓa tambaya ba.

Shekarar da na gama firamare, ana tsakar yankan gero, 'yan bindiga suka sami Baba a gona da rana tsaka. Maza suka yi masa sutura cikin gaggawa, kowa na waiwaye. Washegari garin ya watse, mu muka nufo Kaura Namoda, ƙanena Auwalu yana goye a bayan Inna. A wurinmu ba a rubuta suna a kabari. Tudun ƙasa ne da ƙaya a kai, in damina ta zagayo sau 'yan kaɗan sai ya baje. Har yau ina mafarkin hanyar nan ta gabas, in yi ta tafiya, ina kaiwa tsamiyoyi sai in farka.

Da na girma na shiga kwaleji, sashen zane, inda ake koya mana tsara bayanai yadda ido zai gane su da kallo ɗaya: wannan launi na nufin kaza, babban ɗigo abu mai yawa, ƙarami kaɗan. Malamarmu tana da magana ɗaya da take maimaitawa har ta gundure mu: "Abin da ba ki tabbatar ba, kada ki zana shi. Bar gurbinsa." Da aka ce kowa ya zaɓi aikin ƙarshe, na ce taswirar garinmu zan yi. Na bi mutanenmu da suka warwatsu, wasu a nan Kaura, wasu a Shinkafi, ina tambaya. Inda bakinsu ya zo ɗaya in ja layi mai kauri, inda mutum ɗaya ne kawai ya tuna in ja siriri. Gari ya tashi a kwamfuta gida-gida, har da rumbunmu.

Sai maƙabarta. Kawuna da ya shiga ramin kabarin Baba ya riga mu gidan gaskiya. Sauran da suka je, wannan ya ce kusa da tsamiya ne, wancan ya rantse can ƙarshen shinge ne, wani tsoho kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗiyata, ran nan ba mu cikin hankalinmu."

Na bugo taswirar a babbar takarda na shimfiɗa a tabarma. Auwalu, wanda yanzu ya fi ni tsawo, bai san fuskar Baba ba, bai san garin ba. Ya bi hanya da yatsa har gabas, ya tarar da fili fari fat. "Yaya, sa mini ɗigo ɗaya mana, ko ina ne," in ji shi. Wallahi na so in sa. Wa zai ƙaryata ni? Na ɗauki biro, sai Inna ta ce daga bakin murhu, "Kar ki yi mishi ƙarya. In Allah ya sa ya tai wata rana, kan wani za shi tsayawa."

Na ajiye biron. Auwalu ya daɗe yana kallon farin filin, sannan ya buɗe tafin hannunsa ya rufe shi gaba ɗaya, ya fara addu'a ƙasa-ƙasa. Inna ta juya mana baya tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

A da ba ni da takarda ko ɗaya, amma kullum ina cikin garin ina taka shi. Yanzu ga shi a bangon ɗakina, kowane gida a mazauninsa, babu mai iya zuwa. Na sami maki mai kyau a aikin nan. In baƙo ya tambaye ni me ya sa gabas ba komai, sai in ce masa nan ne mutanenmu suka fi yawa.