Kawu Sale da rigimar ƙwallon dabino

Duk wanda ya sayi dabino a unguwar Ƙiblatain ta Madina ya san Kawu Sale, ƙanin mahaifina. Jarida uku yake saye kullum, kuma ba ya karanta ko layi ɗaya sai ya binciko sunan mai ita. Wai jarida kamar shayi ce, sai ka san wanda ya zuba sukarin.

Ranar da ya fara cin karo da "silah nawawi", wato makamin nukiliya, sai ya ɗauka daga kalmar "nawa" ne, wato ƙwallon dabino da Larabci. Ya tara buhu guda a bayan shago, wai tunda manyan ƙasashe na faɗa a kansa, zai yi tsada. Wallahi mun yi dariya har da hawaye! Da aka fahimtar da shi, ko a jikinsa. Har ya rasu, rigimar ƙwallo yake kiranta.

Amma fa ya fi mu gane ta. Sai ya baje jaridun a kan kwali: wannan ta ce bam Iran ke haɗawa, waccan ta ce wutar lantarki ce, ta uku ta yi gum. Ya ce mai ta ukun yana da kwangila a ɓangarorin biyu, shi ya sa ta koma labarin farashin tumatir.

To, sai ga ni na samu aiki a wata jarida a Jidda. Na rubuta sharhi kan rigimar, edita ya juya shi gaba ɗaya saboda maigidanmu mai jaridar ya ɓata da gwamnatin Iran, ya kuma bar sunana a ƙasa. Kunya ta ishe ni. Lokacin idon Kawu ya yi rauni, ni nake karanta masa idan na zo Madina. Na karanta sharhin, na tsallake sunan, don kada ya kira ni maƙaryaci.

Da na gama, sai ya ce, "Wannan yaron kirki ne, riƙe masa hannu aka yi. Ka gaya masa gobe ya cire sunansa, domin sunan ɗan'uwana yana manne da nasa."

Na cire, Kawu. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka.