Saƙon Alhaji Isa Ya Iso Bayan Arba'in

Jama'a, yau mamaci ya aiko saƙo a shagona na gyaran kwamfuta, ina zaune!

Da hantsi Kabiru ya shigo da kwamfutar mahaifinsa, marigayi Alhaji Isa mai irin shuka, wanda aka yi sadakar arba'in ɗinsa jiya. Baffansa Malam Lawal na biye da shi, don shi ne babba a rabon gado. Duk Funtua an san Malam Lawal da marigayin ba sa ga maciji tun shekarun tamanin, kan iyakar gonar auduga a Maska. Ko asibiti Malam Lawal bai je duba shi ba.

Kabiru ya ce, "Takardun gona na cikin imel, manhajar ta ƙi buɗewa."

Na danna, ta leƙo ta ɓace. Na kashe na kunna, shiru! Ashe wuta aka ɗauke wa marigayin yana tsakiyar aiki, fayil ɗin saƙonni ya lalace. Na gyara, na haɗa intanet. Ta buɗe!

Kafin in ɗaga hannu, wani saƙo da ya maƙale wata biyu ya fice. Sai wayar Malam Lawal ta yi ƙara a aljihu.

Ya miƙa wa Kabiru. "Karanta min, ban zo da tabarau ba."

Kabiru ya karanta: "Lawal, gobe za a kwantar da ni a Malumfashi. Gonar taka ce. Ka zo mu yafi juna."

Dattijo ya zauna a ƙasa, hularsa ta faɗi.

Ya ce, "Ya tafi yana zaton na gani na ƙi zuwa."