Gaɗar Malama Hasiya a Bayan Katanga

Duk wanda ya san Malama Hasiya Shitu ya san ta da usur a wuya da takalmin kambas a ƙarƙashin dogon hijabi. Ita ce malamar motsa jiki a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke bakin titi, tsakanin Kwanar Dangora da Tudun Wada. Aiki ne da ba kowa ke ganin girmansa ba. Sauran malamai kan tsokane ta da cewa gwamnati na biyanta albashi ne don ta koya wa yara tsalle. Ita kuwa ba ta barin ta kwana, sai ta ce ai gara tsalle da gyangyaɗin da ake yi a ajinsu.

A Tiga aka haife ta, a unguwar waɗanda aka tasa lokacin da ruwan dam ya ci garuruwansu. Ubanta masunci ne, uwarta Inna Maimuna kuma soya kifi take yi. Inna ba ta fito da wani abin kirki daga tsohon garinsu ba sai tukwane biyu da waƙoƙin gaɗa, wasan 'yan mata na dandali. A tsakar gida ta koya wa Hasiya da ƙawayenta yadda ake yi: a yi rabin da'ira, ana tafi ana waƙa, ɗaya ta fito ta taka, sannan ta saki jiki ta faɗo da baya, sauran su cafe ta su cilla sama. Doka biyu ce kawai a wurin Inna. Wadda za ta faɗo ba ta waiwaye, masu cafewa kuma ba sa barin ta taɓa ƙasa.

A kwalejin horon malamai ne wani malami ya nuna musu bidiyon 'yan matan Turawa a gefen fili, suna rera kirari ga 'yan wasansu, suna cilla junansu sama. Ya ce a can wannan ma wasa ne mai zaman kansa, har gasa ake yi. 'Yan aji suka yi ta salati saboda suturar. Hasiya kuwa dariya ta kama ta, ta ce ai wannan gaɗa ce aka rage wa zane.

Abin ya zauna mata a rai shekara da shekaru. A makarantarsu, ranar gasar wasanni ta shekara, yara goma sha wani abu ne ke gudu da tsalle, sauran ɗari uku suna zaune a inuwar darbejiya suna ɓare gyaɗa. Wannan na ƙona mata rai. Ta je wa shugabar makaranta da shawarar kowane gidan wasanni na ɗalibai, ja da kore da shuɗi da ɗorawa, ya fitar da ƙungiyar gaɗa da za ta riƙa zuga masu gudunsa, a kuma ba su maki kamar kowane wasa.

A taron iyaye da malamai an kai ruwa rana. Wasu suka ce wannan ba wasa ba ne, rawa ce aka sa mata rigar makaranta. Wasu suka ce su ma iyayensu mata sun yi gaɗa kuma ba su lalace ba. Hasiya ta ce duk mai ganin ba motsa jiki ba ne ya turo matarsa ta gwada cafe budurwa sau ashirin, ta gani ko za ta iya tuƙa tuwo ranar. Aka yi dariya, aka amince, bisa sharaɗi guda: kada idon namiji ya gani.

Cikin yaran akwai Nusaiba, 'yar aji shida, daga wajen Ɗansoshiya. Siririya ce, mara nauyi, ga murya, ga rashin tsoro. Idan ta faɗo da baya kai ka ce katifa aka shimfiɗa mata. Ita ce kuma ta ɗaya a lissafi, saura 'yan watanni ta zauna jarrabawar fita. Ubanta Malam Ukasha manomin masara ne, mutum mai sanyin magana, wanda ya sha surutun dangi kafin ya bar ta ta kai wannan aji. Da ya ji labarin gaɗa sai ya hana. Hasiya ta hau acaɓa ta je har ƙofar gidansa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani dalla-dalla.

"Malama, ni ban san wasa ba," in ji shi. "Amana na sani. Kin ce babu ido?"

"Babu ido, Baba. Na ɗaukar maka alkawari."

Kuma Allah ya sani ta yi iya yinta. Ta hana gayyatar manyan baƙi. Ta roƙi malamai maza su tafi gida ranar. Ta sa iyaye mata biyu a ƙofa da kwando suna karɓar wayoyi. Yara suka sa dogon wando a ƙarƙashin riga, suka ɗaure ƙananan hijabai da kyau. Har benci ta ɗauka ta kai bayan katanga, ta sa maigadi ya hau ya yi ɗage, ya rantse mata ba ya hango komai sai saman bishiya. Abu ɗaya ne bai zo mata a rai ba, don ita 'yar bakin ruwa ce, lissafin kifi ta tashi da shi, ba na hatsi ba. Ta sa gasar a tsakiyar kaka, kuma ranar kasuwa.

Da hantsi fili ya ɗauka. Iyaye mata da suka zo kallo, waɗanda rabonsu da gaɗa tun kafin aure, suka ajiye jakunkuna suka shiga tafi. Wata tsohuwa har da hawaye. Hasiya ba ta taɓa jin daɗin aikinta kamar wannan safiya ba. 'Yan gidan kore suka fito da waƙar Inna Maimuna, wadda aka sauya wa baiti biyu, Nusaiba ta taka ta faɗo, aka cilla ta sama, aka sake cillawa.

A cillawa ta uku ne aka ji fito da shewa daga sama. Manyan motocin masara da suka taso daga Doguwa sun cushe a titi saboda kasuwa, sun jeru a jikin katanga, an yi musu lodi har ya fi katangar tsawo. A kan buhunan kuwa 'yan dako ne zaune, kusan kowa da waya a hannu. Hasiya ta busa usur har maƙogwaronta ya yi zafi, amma aikin gama ya gama.

Kafin sati ya zagayo bidiyon ya gama gari. Wani mara aikin yi ya ɗora masa kiɗan biki, ya rage masa gudu daidai inda rigar yarinyar ta ɗaga. Ba a ga komai ba sai wando, amma bakin mutane ba ya buƙatar ganin komai. 'Yan acaɓa a Kwanar suka haddace waƙar. Ranar Litinin kujerar Nusaiba babu kowa, haka Talata, haka sati biyu.

Hasiya ta rame. Takan tsaya a gaban aji ta manta abin da take faɗa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne har yanzu ba ta yarda wasan laifi ne ba. Ta ga yaran da ba su taɓa motsawa ba suna haki suna dariya, ta ga masu faɗa da juna sun riƙe hannun juna don kada ƙawarsu ta faɗi. Amma duk lokacin da ta kawo wannan hujja a zuciyarta, sai kujerar nan ta tsaya mata a ido.

Zuwanta na farko Malam Ukasha ya aiko cewa ba ya nan, alhali ga takalminsa a ƙofar zaure. Na biyu ya amsa gaisuwa ya shige. A na uku ne ya sa aka shimfiɗa mata tabarma. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ya ce ya san ba da gangan ta yi ba. Ya ce shekara shida yana tare wa yarinyar nan bakin 'yan'uwansa, yanzu ko masallaci ya shiga sai ya ji ana gyaran murya.

"Da kin tambaye ni kafin ki sa ranar, da na gaya miki," ya ce. "Yaron goye ma a nan ya san inda motoci ke tsayawa da kaka."

Ta roƙe shi ya bar Nusaiba ta zauna jarrabawa, kada kuskuren malama ya cinye wahalar shekara shida. Ya ce zai bari, idan an daina wasan gaba ɗaya, ba ga 'yarsa kaɗai ba, don ya samu abin da zai faɗa wa mutane. Hasiya ta buɗe baki za ta yi gardama kamar yadda ta saba, sai ta hango gefen hijabin Nusaiba a bayan ƙyauren zaure, an tsaya cak ana saurare. Ta ce ta yarda.

Da hannunta ta rubuta sanarwar, ita ta karanta a taron safe. Nusaiba ta dawo da niƙabi, tana zagayawa ta bayan gonaki don kada ta bi ta wurin 'yan acaɓa. Wasu 'yan ajin suka daina yi mata magana, wai ita ta jawo aka hana su gaɗa. Tana gaida Malama Hasiya da ladabi, kai a ƙasa, amma ba ta ƙara tsayawa hira da ita ba. Ta zauna jarrabawar, ta gama, ta tafi gida.

Da hutu Hasiya ta je Tiga. Inna Maimuna ta tsufa, ido ya yi rauni, tana zaune kusa da murhu jikokinta na juya kifi. Labari ya riga ya iso mata. Ba ta tambayi bidiyo ba, ba ta tambayi abin da mutane ke cewa ba.

"Yarinyar nan da ta faɗo," ta ce, "kin cafe ta?"

Hasiya ta murza igiyar usur a yatsanta.

"Na cafe ta, Inna. Amma sai da ta taɓa ƙasa."